Yadda Ake Gyaran Harsashin Gidan Da Ke Nutsewa A Ƙasa Mai Burmawa

Yawancin gidajen da aka kira ni in duba, nakan tarar an riga an toshe tsagar bangon sau biyu ko uku. A cika ta da siminti, a shafa fenti, damina ɗaya ta wuce, tsagar ta dawo daidai inda take, har ta fi da faɗi. Bango ba ya tsagewa haka kawai. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta motsa, kuma muddin ba a gano abin da ya motsa ta ba, duk simintin da aka zuba asara ne. A ƙasa mai burmawa ma abin ya wuce asara, domin wanda ya zuba kankare mai nauyi a kan kogon da bai san da shi ba, ya ƙara wa rufin kogon kaya ne.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashi, a taƙaice. Akwai duwatsun da ruwa ke narkarwa sannu a hankali: dutsen farar ƙasa, dolomait, jifsam da dutsen gishiri. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami, yana bin tsagogin dutsen yana cin sa har kogo ya samu. Daga nan ƙasar sama ta riƙa zurarewa ciki kamar yashi a mazurari. Wani wurin a hankali take lotsawa shekara da shekaru, wani wurin kuma rufin kogon yana riƙe har ranar da zai rufta gaba ɗaya. A 2013, a garin Seffner na jihar Florida ta Amurka, ƙasa ta burma ƙarƙashin ɗakin kwana da dare ta tafi da mutumin da ke ciki. Garin Ripon na Ingila ya daɗe yana fama da irin wannan saboda jifsam, haka yankin Gauteng na Afirka ta Kudu saboda dolomait. Tsoffin rijiyoyi da ramukan haƙar ma'adinai da aka binne su ma suna yin irin wannan ɓarna.

Kafin komai: idan ka ga rami ya buɗe kusa da gini, ko daɓe ya lotsa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko tsaga tana buɗewa kana gani, ko ana jin ƙarar ɓalle-ɓalle a bango da dare, ka fitar da iyali, ka kashe wuta da gas da ruwa, ka killace wurin, ka kira injiniya da hukumar da ke kula da gine-gine. Bayanin da ke tafe na gidan da ke zama a hankali ne, wanda akwai lokacin aunawa da tunani.

Kayan aiki

Na bincike: tef na awo, tiyo mai garai-garai kamar mita 15, fensir, littafin rubutu, igiya da ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshenta don duba miƙewar bango, ƙusoshi, ƙananan gilasai, rodi mai kauri tsawon mita 2, da wayar da za ka ɗauki hoto.

Na haƙa da zubi: diga, shebur, baro, guduma babba da ƙarama, kurfi, cokalin magini, katakai masu kauri da sandunan tokara, siminti, yashi mai kaifi wanda babu laka a ciki, tsakuwa, guntayen rodi, ruwa mai tsabta, leda ko tamfol na rufe rami, da injin girgiza kankare in an samu. Hular kwano, takalmi mai ƙarfi da safar hannu ga duk wanda zai shiga rami.

Injin huda ƙasa, famfon tura kankare da jak mai aiki da mai, waɗannan na kamfanonin da suka ƙware ne. Ba kayan da za ka aro ka gwada da kanka ba ne, amma zan bayyana aikinsu don ka san abin da za ka sa wa ido.

1. Karanta tsagar

Tsagar filasta siririya kamar gashi, wadda ta bazu ko'ina, yawanci bushewa ce kawai. Tsagar nutsewa tana da kamanninta: tana tafiya a karkace, tana bin layin bulo kamar matakala, takan tashi daga kusurwar taga ko ƙofa, tana ratsa bango ciki da waje, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Idan ta fi faɗi a sama, galibi ƙarshen ginin ne ke sauka. Idan ta fi faɗi a ƙasa, tsakiyar bangon ce ke lotsawa. Haɗa da sauran alamu: ƙofa ta fara cijewa, tayil ya fashe a layi ɗaya, bango ya rabu da daɓe, katanga ko bishiya ta karkata, ruwa ya fara kwanciya a inda da ba ya kwanciya.

Auna faɗin. Ƙasa da milimita 5 ɓarna ce mai sauƙi. Daga 5 zuwa 15 sai an fasa an sake ɗinke bango. Daga 15 zuwa 25 ta yi tsanani. Abin da ya haura 25 ginin kansa yana cikin haɗari, sai an tokare shi kafin a yi maganar gyara.

2. Gano ko har yanzu yana motsi

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa saboda gaggawa, alhali shi ke raba gidan da ya gama zama da wanda ke kan tafiya. Kafa ƙusa ɗaya a kowane gefen tsagar, ka auna tsakaninsu, ka rubuta da kwanan wata. Ja layin fensir a inda tsagar ta ƙare. In kana da ɗan gilashi, manna shi a kan tsagar da siminti a gefe biyu, a jikin bulo, ba a kan filasta ba. Gilashin ya fashe, gini ya motsa.

Sannan ɗauki tiyo ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska ko ɗaya a ciki, domin kumfa ɗaya tana ɓata awon duka. Zaɓi wuri ɗaya da kake ganin bai motsa ba, ka yi alama a bango. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a nan, kai ka zagaya da ɗayan bakin kana yin alama a kowace kusurwa daidai inda ruwa ya tsaya, kana auna daga alamar zuwa daɓe. Zana taswirar gidan ka rubuta lambobin. Nan take za ka ga ɓangaren da ya sauka. Bambancin santimita 1 cikin mita 3 ya isa ya fara tsaga bango.

Maimaita awon duk mako biyu. In hali ya yi, bari ya ratsa damina da rani. Tsagar da ke buɗewa da rani ta rufe da damina tana nuna laka mai kumbura ce ko saiwar bishiya ke shanye danshi. Wadda ke ƙaruwa kullum ba ta komawa, musamman bayan ruwa mai yawa, ita ce abin tsoro.

3. Bi sawun ruwa

A cikin gidajen da na gyara, da wuya in ga wanda babu hannun ruwa a ciki. Rufe duk famfunan gida ka duba mitar ruwa. In tana juyawa, akwai yoyo. In babu mita, cika tanki ka yi alama da dare, ka duba da safe. Toshe bututun ban-ɗaki daga ƙarshensa, ka cika shi da ruwa, ka ga ko ruwan zai ragu. Dubi inda indararo ke zuba, da nisan sokawe daga bango, da inda ruwan wanki ke bi.

Na taɓa haƙa gefen wani gida da kusurwarsa ta sauka da kusan santimita 4. Da muka kai ga bututun ban-ɗaki, sai ga mahaɗarsa ta zame da faɗin yatsa biyu, ƙasar wurin baƙa ce, tana naso, kuma ƙarƙashin harsashin akwai wani fili da hannuna ya shige har gwiwar hannu ban taɓa komai ba. Shekaru ruwan yana kwashe ƙasar kaɗan-kaɗan, masu gida suna ta toshe bango daga sama.

Duk abin da ka samu, gyara shi yanzu, kafin a taɓa harsashi. Kai ruwan rufi aƙalla mita 3 nesa da gini, a gyara ƙasar kewaye ta gangara waje, kamar santimita 15 cikin mita 3 na farko. Wani lokacin da an tsayar da ruwan, gidan ya daina motsi, sai ɗinkin bango kawai ya rage. Ka kuma tambaya ko an yi sabuwar rijiyar burtsatse a kusa, domin janye ruwan ƙarƙashin ƙasa da yawa yana cire abin da ke tallafe rufin kogo.

4. San abin da ke ƙarƙashi

Haƙa ramin gwaji a gefen harsashi, kusa da inda ya fi sauka, faɗin da mutum zai iya tsayawa, har ka ga ƙasan kankaren. Kada ka shiga ƙarƙashinsa tukuna. Duba zurfinsa, kaurinsa, da irin ƙasar da ya zauna a kai: ciko ce mai guntayen bulo da shara, laka ce, ko ƙasa ce ta asali mai tauri. Soka rodi a gindin ramin ka danna da nauyin jikinka. In ya tsaya bayan ɗan shiga, da sauƙi. In ya zurma ba tare da wahala ba, ko ka ji ya faɗa fili, fito daga ramin, aikin ya wuce na diga da shebur.

Rodi ba ya gani fiye da tsawonsa, kogon kuwa yana iya zama mita 10 ko 20 a ƙasa. Saboda haka a yankin da aka san ƙasa na burmawa, ban yarda a yi gyara babu injiniyan ƙasa ba. Zai huda rijiyoyin gwaji, ya riƙa sakin guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 yana ƙirga bugu nawa ke shigar da bututu santimita 30. Bugu da yawa, ƙasa mai ƙarfi. Inda bututun ya nutse da nauyin kansa babu bugu, nan ƙasa ta zurare. Akwai kuma na'urar rada da ake ja a kan ƙasa, da awon da ake yi da lantarki, masu nuna inda ya kamata a huda. In kuɗi bai kai ga duka ba, a rage wani abu daban, a bar ko da huda biyu a gefen da ya sauka.

In gidan yana da inshora, sanar da su kafin ka fasa komai, ka ajiye hotuna da littafin awo. In bangon na haɗaka ne da maƙwabci, shi ma ya sani.

5. Zaɓi gyaran da ya dace

Sakamakon binciken ne ke zaɓa. In ƙasa mai ƙarfi tana kusa, mita 1 zuwa 2 ƙarƙashin harsashi, kuma babu kogo, sai a ƙara wa harsashi zurfi da kankare, wato mataki na 6. In akwai kogo ko ƙasa mai zurarewa, sai a fara da tura kankare cikin ƙasa, mataki na 7. In ƙasa mai ƙarfi tana da nisa, sai turakun ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa su tallafe harsashi, mataki na 8. Sau da yawa ana haɗa 7 da 8. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a yi mataki na 6 a kan kogo.

6. Ƙara wa harsashi zurfi

Rage nauyin da ke ɗakin, ka tokare tagogi da ƙofofin bangon da katako. Raba tsawon bangon gida-gida, kowanne mita 1 zuwa 1.2, ka rubuta musu lamba a jikin bango da alli: 1, 3, 5, 2, 4, ka sake maimaitawa. Ranar farko masu lamba 1 kaɗai za a haƙa. Ba a haƙa biyu da ke maƙwabtaka a lokaci ɗaya, kuma ba a barin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na bango a rataye. Leburori za su so su zarce da haƙa tunda ƙasa ta buɗe kuma aikin ya fi sauri a haka. Kada ka bari. Bangon yana tsaye ne saboda ƙasar da ka bari a hagu da dama. A kusurwa da ƙarƙashin ginshiƙi nauyi ya fi taruwa, don haka a rage tsawon ramin, a bi abin da injiniya ya zana.

Haƙa daga waje ka sauka, sannan ka shiga ƙarƙashin harsashin har faɗinsa duka, ka ci gaba da sauka har ƙasa mai tauri. Ramin da ya kai mita 1.2 dole a tokare gefunansa da katako, kuma kullum mutum ɗaya yana sama yana kallon na ciki. Daidaita gindin ramin ya zama shimfiɗe, ka kwashe ƙasar da ta saki, ka goge ƙasan tsohon kankaren da burushin ƙarfe har laka ta fita. Soka guntayen rodi a gefen hagu da dama, rabi cikin ƙasa rabi a fili, don su ɗaure wannan zubin da na kusa da shi in an zo kansa.

Zuba kankare a ranar da aka gama haƙa. Ramin da ya kwana a buɗe, in ruwa ya sauka, gindinsa ya lalace, sai an sake daidaita shi. Kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4 ya wadatar ga ƙaramin gida in injiniya bai ce wani abu ba. Kafa katako a gaba, ka zuba kana girgizawa. In babu inji, a soka rodi a riƙa caccakawa sosai. Tsaya saura santimita 5 zuwa 7 ka taɓa tsohon harsashi.

Wannan ɗan filin da aka bari shi ne zuciyar aikin. Kankare yana ɗan janyewa in yana bushewa, don haka in ka cika shi har sama, gobe za a sami siririn fili a tsakani, gidan kuma ya sauka ya cike shi. Bayan aƙalla awa 24, kwaɓa siminti 1 da yashi 3 da ruwa kaɗan ƙwarai, yadda in ka dunƙula a hannu zai riƙe siffarsa ba tare da ya jiƙa maka tafi ba. Tura shi cikin filin kaɗan-kaɗan, ka sa guntun katako ka riƙa dukansa da guduma daga can ciki zuwa waje. Za ka ji sautin ya sauya daga taushi zuwa tauri, gudumar tana dawo maka a hannu. Sai ka ƙara wani. Ni nakan bar shi kwana 3 kafin a buɗe rami na kusa, ana yayyafa masa ruwa kaɗan. Kankare yana samun kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, cikakke a kwana 28.

Kowace safiya ka duba ƙusoshin nan da tiyo kafin kowa ya shiga rami. In wani abu ya motsa, a tsaya. Da an gama duka, a mayar da ƙasa santimita 15 bayan 15 ana daddaɓewa. Kada a yi ambaliyar ruwa wai don ƙasa ta zauna. A irin wannan wuri ruwan ne ya kawo matsalar tun farko.

7. Tura kankare cikin ƙasa

Masu aikin za su huda kewayen gidan, tazarar mita 2 zuwa 3, wasu hudojin a karkace don su shiga ƙarƙashin gini, har bututun ƙarfe ya kai dutse. Sai su tura kwaɓi mai kauri da famfo, su toshe bakin kogon, su ja bututun sama kaɗan, su sake turawa, har su fito. Kwaɓin yana taruwa ne kamar ƙwallo yana matse ƙasar da ta saki. In ya yi ruwa-ruwa, sai ya bi kogo ya tafi inda ba a aike shi ba.

Abin da za ka nema a wurinsu: rubutaccen lissafi na kowace huda, zurfinta, yawan abin da ta sha da ƙarfin turawa. A sa mutum da ma'auni yana kallon daɓe da bango, da zarar sun ɗaga 'yan milimita a tsaya. Hudar da ke ta sha babu alamar cika, a dakata ta daskare a dawo mata. A tsallake huda ɗaya-ɗaya a zagayen farko, a cike na tsakani a zagaye na biyu. Bayan an gama a gwada bututan ban-ɗaki, don kwaɓin yakan shiga cikinsu. Kumfar roba da ake turawa da ƙaramin bututu tana da amfani wajen ɗaga daɓe da ƙarfafa ƙasar sama-sama, amma ba ta maganin kogo mai zurfi, ko da an ce maka tana yi.

8. Turakun ƙarfe

Iri biyu ne: wanda ake dannawa da jak ana amfani da nauyin gidan, da mai fukafukai da ake murzawa kamar sukurun katako, wanda ya fi dacewa da gini marar nauyi. Ana kai su ƙasa mai ƙarfi, a ɗaura musu kafaɗar ƙarfe a ƙarƙashin harsashi, a ɗaga gidan da jak da yawa a tare, milimita bayan milimita. Kada ka nace sai gida ya koma daidai yadda yake ranar da aka gina shi. Ɗagawa da yawa tana fasa bututu da tayil ta buɗe sababbin tsagogi. Turaku suna riƙe bango, amma ba sa hana ƙasa zurarewa daga ƙarƙashin daɓe, shi ya sa ake fara toshe kogon.

9. Ramin da ya buɗe a fili

In ƙarami ne, nesa da gini, kuma ya daina faɗaɗa, kada a cika shi da shara ko itace, za su ruɓe ya dawo. A buɗe shi har a ga maƙogwaronsa, a jera manyan duwatsu a ƙasa, matsakaita a kai, tsakuwa, yashi, sannan laka a daddaɓe a sama ta ɗan yi tudu don ruwa ya kauce. Kowane shimfiɗi yana hana na samansa zurarewa.

10. Ɗinke bango

Jira wata 2 ko 3 kana awo. In lambobin sun tsaya, buɗe tsagar da kurfi, cire bulon da ya fashe ka sa sabo. A kowane layi na biyu ko na uku, kankare simintin da ke tsakanin bulo, ka kwantar da siririn rodi da ya wuce tsagar da santimita 50 ta kowane gefe, ka cike da kwaɓi. Sa ragar waya a kan wurin kafin filasta. Bar ƙusoshi biyu a wani lungu da ba a gani, ka ci gaba da auna su bayan kowace damina, kana rubutawa a littafin nan guda.